Abin da Ticha Ke Yi a Kan Dutsen Sabis

Rebecca tana tsakar gida tana kwashe shinkafar da ta shanya sai ta ji sallamar Malam Idrisu daga ƙofa. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninsu, amma ba ta taɓa jin ya yi sallama a hankali haka ba. Mutum ne da idan ya yi tari kajin unguwa kan watse. Shi ne kuma shugaban 'yan sintirin ƙauyen nasu, wani ɗan gari da ke maƙale a bakin daji can bayan Dogon Dawa.

Ta miƙa masa kujera 'yar tsugunne, ya ƙi zama.

"Maman Praise, Ticha yana ciki?"

"Ya tafi duba wake, Baba Idrisu. Yanzu zai dawo."

"Wake," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Yaushe aka fara shuka wake a kan dutse?"

Kwanon da ke hannunta ya suɓuce, shinkafa ta watse. Ba ta ko sunkuya ba.

Duk ƙauyen wuri ɗaya ne waya ke kama sabis, saman wani falalen dutse mai kallon daji. Har sunansa na kaka da kakanni ya ɓata, kowa Dutsen Sabis yake ce masa. Tun da aka gane mutanen daji ba sa shigowa gari sai wani na ciki ya yi musu ido, dattawa suka kafa doka: ba mai hawa dutsen shi kaɗai. Laraba da Asabar da safe ake tafiya a ayari, kuma duk wanda zai yi kira sai ya buɗe sifika kowa ya ji. Saurayi ya yi wa budurwarsa daɗin baki a gaban kawunsa, tsohuwa ta zagi ɗanta na Legas jama'a na taya ta tuno wanda ta manta. An sha dariya, an sha kunya, amma ba wanda ya taɓa cewa a janye dokar.

"Sau huɗu aka gan shi," in ji Malam Idrisu. "Shi kaɗai, da la'asar, kansa a sunkuye kan waya. Ni ban yarda ba sai da na gani da idona shekaranjiya."

"Gem ne yake bugawa. Kowa ya san Ticha da gem ɗinsa."

"Na sani. Haka na gaya wa samarina. Suka ce mini, ranar da maza suka tafi gyaran gada aka shigo aka ɗauki Muslimat a rafi, to wa ya gaya musu ranar garin babu namiji? Yau kwana ashirin da uku ƙanena bai ga matarsa ba, Maman Praise. Me zan ce masa?" Ya goge bakinsa da hannu. "Jibi Juma'a in an sauko masallaci za a zauna a kan maganar. Na riƙe su iya ƙarfina. Kalmar da suke faɗa ba na son in maimaita ta a gidanki."

Bai buƙaci maimaitawa ba. Rebecca ta san kalmar, infoma, ta kuma san ba ofishin 'yan sanda ake kai wanda ta hau kansa ba.

Ta ja gyalenta daga igiya. "Yana can yanzu?"

"Yana can. Ke ma ba za ki hau ke kaɗai ba, doka ba ta san matar Ticha ba. Zan raka ki, in tsaya a gindin ɗorawar da ke ƙasa. Ki yi magana da mijinki."

Suka bi ta bayan coci, ta tsakiyar gonakin masara da suka bushe suna jiran girbi. Shi yana gaba da bindigarsa ta gargajiya a kafaɗa, ita tana baya, zuciyarta tana ta kai da komo.

Wayar nan fa ita ta gode wa Allah a kanta, da bakinta, a gaban mata a taron zumuntar coci. Mijinta Timothy, wanda ake kira Ticha, malamin firamare ne. Bara aka tare motarsu a hanyar Birnin Gwari, ya yi wata uku a daji. Mutumin da ya dawo mata ya yi kama da mijinta, amma ba ya magana, ba ya barci, kuma hannuwansa rawa suke har ba ya iya riƙe kofin kunu. Idan babur ya wuce a waje sai ya tashi ya tsaya a bayan ƙyaure. Fasto ya yi addu'a, an kai shi asibiti, tsohuwarsa ta aiko da jiƙe-jiƙe har kala uku, duk kamar ana zuba ruwa a rairayi.

Wata rana ya karɓi wayarta, ya bi ayarin Asabar, ya dawo da wani wasa a ciki. 'Ya'yan itatuwa ne jere a gida-gida, lemo da ayaba da inabi, ka haɗa uku iri ɗaya su fashe, waɗansu su zubo daga sama. Wasan da ko yaron aji biyu zai raina. Amma da ya zauna a kan tabarma ya fara turawa da ɗan yatsa, sai ta ga hannun ya tsaya cak. Ranar ya ci tuwo malmala biyu. Wasan ba ya buƙatar sabis, ba ya neman komai sai caji, ita kuwa da ƙafarta take kai wayar wurin mai sola ta tsaya a kai har ta cika. Ko da mata suka fara yi mata tsiya wai Ticha ya koma sayar da lemo, dariya take yi. Ya sayar da duk abin da ya ga dama, in dai zai yi barci.

Daga baya ne ta lura wasan ya canja. Ta fara hango waɗansu mutane masu sulke da takubba a fuskar wayar, shi kuma ya fara damuwa da waken da bai taɓa damuwa da shi ba tun da ta aure shi. Ta gani, ta kuma kawar da kai, don ba ta son ta taɓa abin da ya dawo mata da rabin mijinta. Wannan kam laifinta ne, ta san da haka, kuma yana cin ta a kowane taku.

Malam Idrisu ya tsaya a gindin ɗorawa, ya jingine bindiga. Ta cire silifas ta hau dutsen da ƙafa da hannu.

Kafin ta gan shi ta ji shi. Dariya yake yi. Ta tsaya turus, don rabonta da jin wannan dariyar tun kafin a tare motar. Ita ce dai, ta da, mai fita ta hanci. Yana zaune a inuwar wani ƙaton dutse, ƙafa a miƙe, manyan yatsunsa biyu suna ta aiki. A gabansa daji ya shimfiɗu kore shar har inda ido ya ƙare, dajin da ko sunansa ba ya so a ambata a gida.

"Baban Praise."

Ya ɗago, ya yi firgigit, amma yatsun ba su tsaya ba. "Ke ce? Zauna, zauna. Bari mu fita daga kogon nan."

"Ka san abin da ake faɗa a kanka a gari?"

"Zo ki gani tukuna. Kin ga wannan mai farar riga a baya? Ni ne."

Ta durƙusa kusa da shi, don ta ga in ba ta kalla ba ba zai ji ta ba. Ya yi mata bayani da irin muryar da yake koyar da lissafi a aji. Wannan ba kamar na lemo ba ne, in ji shi, wancan kai kaɗai ne da basirarka, yana kwantar da hankali amma ba ya kai ka ko'ina. Wannan kuwa mutum biyar ne na gaske, kowa da wayarsa a garinsu, ana haɗuwa kullum ƙarfe huɗu da rabi a shiga kogo a yaƙi dodo. Akwai mai baka, wata nas ce a Ilori. Akwai masu mashi biyu, ɗaliban Zariya. Mai takobi shi ke gaba, shi ke shan duka. Jan layin da ke kan kowa shi ne ransa, in ya ƙare ya mutu, sai ya jira zagaye na gaba. Shi kuma mai magani ne, ba ya dukan kowa, aikinsa ya ƙara wa wanda ya kusa faɗi rai.

"A nan ana jira na, Rebecca. In ban zo ba, ba sa iya komai. Kin san yaushe rabon da wani ya jira ni?"

Maganar ta soke ta, amma ta haɗiye. "Mai takobin fa? Ba ka faɗi garinsu ba."

Ya ɗaga haɓa ya nuna daji.

Da farko ba ta gane ba. Ta kalli itatuwan, ta kalle shi.

"Salmanu," in ji shi. "Shi ne ya tsare mu a can."

Rebecca ta zauna daɓas a kan dutsen mai zafi ba ta ko ji zafin ba.

Sai ga maganar da ya yi shekara yana riƙewa ta ɓalle, idonsa a kan waya, kamar da wayar yake yi. A sati na biyu, in ji shi, Salmanu yana zaune da bindiga a cinya yana ta tsaki a kan wasan lemon nan, wani mataki ya gagare shi kwana shida. Ya tambaya waye mai ilimi a cikinsu, aka nuna Ticha. Ya wurgo masa wayar. Timothy ya tsallake matakin a karo na biyu. Ranar aka cire masa sarƙa a ƙafa ɗaya, aka ƙara masa tuwo. Tun daga nan idan an fito da sauran ana dukansu don 'yan uwansu su ji kuka a waya, shi yana gindin bishiya yana haɗa ayaba uku-uku. Da Salmanu ya koma wasan takobi ya rasa mai karanta masa Turancin ciki, sai ya buɗe wa Ticha nasa sunan a wata waya, ya mai da shi mai magani.

"Wato wasan da nake kai wa caji..."

"Shi ne ya hana a karya ni. In ina bugawa, jikina ya san ba za a dake ni ba."

"To ka fito! Allah ya fito da kai! Me ya mayar da kai wurinsa?" Muryarta ta tashi har ta tuna akwai mutum a ƙasa.

Timothy ya juyo mata da wayar. "Kalli layinsa."

Jan layin mai takobi ya ragu saura ƙiris. Dodo yana ta sheme shi. Yatsan Timothy yana kan wani koren maɓalli, bai danna ba. Yana kallo, yana murmushi. Layin ya ƙare, mai takobi ya kife.

"Kin gani? Jiya sau uku na bar shi. Wani lokaci in cece shi, wani lokaci in ƙi. Sai ya aiko yana roƙona, Malam don Allah ka riƙa dubana. Roƙona, Rebecca. Shi." Dariyar nan ta sake fita ta hancinsa.

Ita ce dariyar da ta yi shekara tana roƙon Allah ya dawo mata da ita, ga ta ta dawo, kuma tsigar jikinta tashi take. Ta ji tsoron mijinta, karo na farko a zamansu.

"Aikowa yake? Kuna magana?"

"Maganar gem kawai. Wallahi ban taɓa gaya masa komai na gari ba. Ni zan yi haka? Ni?"

Ta yarda har ranta shi ma ya yarda da abin da ya faɗa. Ta miƙa hannu. "Nuna mini."

Zagayen ya ƙare, ana jiran na gaba, don haka ya ba ta ba gardama, har ya buɗe mata wurin hirar ƙungiyar. Yawanci saƙon murya ne, don Salmanu ba ya rubutu. Ta fara dannawa daga sama, tana tsallake na Salmanu. Gaisuwa, tsokana, nas ɗin Ilori tana faɗa wai an bar ta ta mutu a banza. Ta fara samun numfashi. Sai ta lura duk bayan 'yan kwanaki akwai saƙon Timothy mai tsawo.

"Waɗannan fa?"

"Uzuri ne. Dokar gem ɗin ce, in ka yi fashi ba bayani ƙungiya ta rasa maki, in ka yi sau uku su cire ka su sa wani. To dole in ba zan zo ba in faɗi dalili tun jiya."

Ta danna ɗaya. Muryar mijinta ta fito, a sake, da fara'a: gobe ku yi haƙuri, muna da jana'iza a Tabanni, rabin garin za mu. Ta danna wani: ranar kasuwa ce, sai yamma lis za mu dawo. Ta ja ƙasa tana duba kwanan wata, tana lissafi da yatsu. Kwana ashirin da huɗu baya. Ta danna.

"Jama'a gobe ba ni nan. Ruwa ya cinye mana gada, duk mazan gari za mu aikin gayya tun safe, har 'yan sintiri. Ku riƙe mini wurina."

Iska ta kaɗa gyalenta. Ba ta kalle shi ba, ta kasa.

"Wannan ai... kowa ya san za a gyara gada," in ji Timothy a hankali. "Ba sirri ba ne."

"Kowa na gari ya sani."

"Ba shi ba ne. Ƙungiyoyi nawa ne a dajin nan? Shi ma ya ce ya gaji da harkar, ya ce mini..." Ya tsaya. Hannunsa na dama ya fara rawa a kan gwiwa, ya danne shi da na hagu.

Saura saƙo uku a ƙasa, duk na yau, ƙarfe huɗu da kwata. Ta danna na farko. Mijinta ne, yana ba da haƙuri, gobe Alhamis za a yi gayyar girbin masara a fadama, maza duka, ba zai samu zuwa ba. Ta danna na biyu, ta ji muryar da ba ta taɓa ji ba, ta Salmanu. Ta zaci za ta ji murya irin ta dodo. Murya ce mai laushi, mai ladabi, irin ta ɗan kasuwa da ya saba da kai.

"Ayya Malam, za mu yi kewarka. Allah ya ba da albarka. Ƙarfe nawa za ku fita ne, ko za mu matsar da wasan ka same mu?"

Na ukun, amsar mijinta, gajere ne. "Da an idar da asuba. Fadamar da nisa, sai magariba."

Rebecca ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Daga nan tana hango ƙauyen gaba ɗaya, rufin kwano da na ciyawa, hasumiyar masallaci, gicciyen coci, rafin da mata ke wanki. Gobe war haka ba namiji ko ɗaya a ciki sai tsofaffin da ba sa gani.

A gefen ƙafarta akwai wata tsaga a jikin dutsen, mai zurfi, wadda ko akuya ta faɗa ba a ciro ta. Wayar ba ta kai tafin hannunta ba. In ta sake ta, ran Juma'a ba wanda zai iya nuna komai, sai zargi, kuma Malam Idrisu zai iya danne zargi. Za ta iya cewa ta yi mafarki mara kyau, a ɗaga girbin. Wa zai ɗaga gayyar mutum sittin, an riga an jiƙa gero an yanka akuya, saboda mafarkin matar wanda ake zargi? Ta tsaya a kan tsagar har ta ji hannunta ya yi gumi. Sannan ta ƙulle wayar a bakin zaninta ta juya wajen gangara.

"Maman Praise."

Ta tsaya. Ta jira ya ce kada ki kai ni, ko ki yafe mini, ko ya ambaci sunan Muslimat. Da ya faɗi ɗaya daga ciki, da ta koma ta rungume shi.

"An fara zagaye na ƙarshe," in ji shi, muryarsa tana karkarwa. "In kika sauka sabis zai yanke, su huɗun duk za su mutu. Minti uku kawai. Don Allah."

Ta daɗe tana kallonsa. Ga gemun da ta gyara masa da hannunta ran Asabar, ga rigar da ta ɗinke wa aljihu. Ta juya, ta fara sauka.

Malam Idrisu ya miƙe da ya gan ta. Ya dubi fuskarta, bai tambayi komai ba. Ta kwance bakin zani, ta buɗe masa wurin, ta miƙa wayar da hannu biyu.

"A fasa girbin gobe, Baba Idrisu. Kowa ya kwana da shiri. Ka saurari wannan, da wannan, kai kaɗai, kafin samarinka su ji."

Ya kara wayar a kunne. Ta ga lokacin da maganar gada ta iso shi, don idonsa ya rufe, kashin muƙamuƙinsa ya motsa. Ya sake saurara daga farko. Da ya sauke hannun sai ta zube a gabansa, ta kama ƙafarsa.

"Bai sani ba. Na rantse da Allahn da ya yi ni da kai, bai sani ba. Ban ce ka yafe masa ba, ba ni da bakin faɗar haka. Abu ɗaya nake roƙo. Ka hau ka sauko da shi da hannunka, ka ajiye shi a ɗakinka, kada wani ya riga ka."

Malam Idrisu ya sa wayar a aljihu, ya ɗaga kai ya kalli saman dutsen. Ya kalli bindigarsa da ke jingine a jikin ɗorawa. Rebecca ma ita take kallo, numfashinta a tsaye.

Ya zare ƙafarsa daga hannunta a hankali, ya cire takalmi, ya fara hawa. Bindigar tana nan inda ya bar ta.